Shin, Ra, Nun, Jim: Ramzin Malaman Wurno da Lambar Zubin Manhaja

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno cikin watan Oktoba na 1837, wato shekara ta 1253 bayan Hijira. Malamin wancan zamani da ke son adana wannan shekara a cikin waƙa ba ya bukatar alƙaluman lissafi, domin haruffa huɗu sun ishe shi: shin, ra, nun da jim. A ƙidayar abajada da malaman ƙasar Hausa suka gada daga Magrib, shin dubu ne, ra metan, nun hamsin, jim kuwa uku. Abin da ya rage masa shi ne ya jujjuya haruffan, ya yi musu wasulla har su zama kalma mai hawa karin waƙarsa, sannan ya dasa ta a baitocin ƙarshe. Wannan dabara ita ake kira ramzi, kuma da ita aka san shekarun waƙoƙi masu yawa na gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da almajiransa.

A yau akwai wata sana'a da ke fama da irin tambayar da ramzi ya zo amsawa. Masu yi wa wasannin kwamfuta kwaskwarima, waɗanda ke ɗaukar wasan da wani kamfani ya fitar su ƙara masa nasu abubuwa, aikin da a sana'ar ake kira mod, suna sakin aikinsu zubi bayan zubi. Kowane zubi yana da lambarsa, kuma sun daɗe da gano cewa idan aka bar wa mutum rubuta lambar da hannunsa, wata rana zai manta. Ba a haɗa darajar littafin malami da ta wasan yara, amma abin da ke damun mai riƙe da kowannensu guda ne: wannan da ke hannuna, wanne ne daga cikin waɗanda aka yi, kuma wa ya taɓa shi kafin ya iso gare ni? Tarihin rubutu a kwarin Rima yana nuna inda malamai suka ci nasara a kan wannan tambaya, da kuma gurbin da suka bari, wanda shi ne na'ura ke cikewa a yanzu.

Bello ya gina Wurno a matsayin ribaɗi wajen shekarar 1830, a kan tudun da ke kallon fadamar Rima. Idan aka bi gulbin sama, ta wajen Goronyo, ana nufar ƙasar Gobir ne, wadda aka ci babban birninta Alƙalawa a 1808 amma ba ta daina kawo hari ba. Sai dai ribaɗi a tunanin Bello ya wuce sansanin mayaƙa. Wuri ne na zaunar da jama'a, da noma, da sana'a, da karantarwa, kuma shi kansa marubuci ne wanda ayyukansa suka haura ɗari. Bayansa ma garin bai rasa matsayinsa ba. A can ɗansa Aliyu Babba ke zaune lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso a 1853.

Babu maɗaba'a a wannan ƙasa a lokacin. Duk littafin da ya fita daga Wurno zuwa Gwandu ko Kano ko Yola, hannun wani ne ya juya shi harafi bayan harafi. Takardar, galibi, daga Italiya take zuwa ta hanyar Tarabulus da sahara, da tambarin jinjirin wata uku a cikin jikinta wanda sai an ɗaga ta ga haske ake ganinsa. Ba a ɗinke littafi. Warƙoƙi ne a sake, a danne tsakanin tadarishi, a zura a gafaka. Wannan yana da amfani, domin malami na iya ba almajirai uku sassa uku na littafi guda su karanta a lokaci ɗaya, amma hatsarinsa a fili yake. Maganin da masu juyi suka yi wa hatsarin mai sauƙi ne: a ƙasan kowace warƙa suna rubuta kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. Ko iska ta watsa littafin, mai haƙuri zai iya mayar da shi yadda yake, domin kowace warƙa tana kiran sunan wadda ke biye da ita.

Juyi kaɗai ba shi ne abin da ke faruwa da rubutu ba. Ana yi masa sharhi a gefe, wani lokaci mai juyi na gaba ya ɗauka sharhin na cikin matani ne ya shigar da shi ciki. Ana fassara shi. Ana mayar da zube waƙa don sauƙin hadda. Misali mafi kyau daga gidan Shehu shi ne na Kitabun Nasiha, wanda Bello ya rubuta da Larabci a ƙarshen rayuwarsa a kan mata salihai na tarihin Musulunci. Nana Asma'u ta mayar da shi waƙa da Fulatanci da kuma Hausa a tsakanin 1836 da 1837, kuma ba ta tsaya ga fassara ba: ta ƙara sunayen mata na jama'arta, waɗanda masu sauraronta suka sani ko suka ji labarinsu. Haka kuma waƙarta ta tarihin jihadi da ta yi da Fulatanci a 1839, ƙanenta Isa ɗan Shehu ya mayar da ita Hausa shekaru da dama bayan haka, ita ce aka sani da Waƙar Gewaye. Abu ɗaya ke nan yana yawo cikin harsuna biyu ko uku, daga hannuwa biyu ko uku, kowanne da shekararsa.

Amma babu abin da ya yi kama da kwaskwarimar zamani kamar tahamisi. Mai tahamisi yana ɗaukar waƙar wani mai ɗango biyu a kowane baiti, ya ƙara nasa ɗango uku a gaban kowane baiti, su zama biyar. Dole ya bi karin waƙar asali, dole amsa-amon ɗangayensa ya dace da ɗangon farko na mai waƙar, kuma ba shi da ikon taɓa ko harafi guda na abin da ya tarar. Aikinsa ba ya tsayuwa shi kaɗai. Idan aka zare waƙar asali, abin da ya rage ba shi da kai ba shi da gindi. Ishiriniyar da ake rerawa a ƙasar Hausa lokacin Mauludi haka take: asalinta na Alfazazi ne, mawaƙin Andalus da ya rasu a 1230, amma siffar da aka saba ji tana ɗauke da tahamisin Ibn Mahib. Da yawa daga masu rera ta ba za su iya nuna inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya ɗauka ba, kuma wannan shaida ce ta gwanintar mai tahamisin.

A cikin irin wannan cunkoso na asali da ƙari, ramzi yana da wani ƙarfi da ya cancanci a tsaya a kansa. Shekarar da aka rubuta da alƙaluma a gefen takarda, mai juyi na iya tsallake ta, ko ya karanta bakwai a matsayin takwas. Ramzi kuwa yana cikin jikin waƙar. Kari yana gadinsa, domin idan harafi ya faɗi baitin zai yi ɗingishi, kunnen almajiri ma zai ji. Ana haddace shi tare da sauran baitoci, har wadda ba ta iya karatu ba tana ɗauke da shekarar waƙar a bakinta ba tare da ta sani ba. Malaman sun gano cewa shaidar da za ta daɗe ita ce wadda ba a iya raba ta da abin da take yi wa shaida.

Rauninsa na farko shi ne sai da mabuɗi. Abajadar Magrib da ta Gabas sun saɓa a haruffa shida. A Masar da Sham, gain ne dubu, shin kuwa ɗari uku ne. Wanda ya yi karatu a Alƙahira ya ɗauki shin, ra, nun, jim da ƙidayar can zai sami 553 maimakon 1253, wato ya mayar da rasuwar Bello shekarar 1158 ta Miladiyya, shekaru ɗari bakwai na Hijira kafin lokacinta. Wannan kuskure ne mai girma da zai tona kansa. Mai hatsari shi ne ƙarami: a rubutun Magrib ana yi wa ƙaf ɗigo ɗaya a sama, fa kuwa ɗigonta a ƙasa yake, alhali a rubutun Gabas ɗigo ɗaya a sama alamar fa ce. Ƙaf ɗari ne, fa tamanin. Wanda bai saba ba zai zaftare shekara ashirin, kuma sakamakon zai yi kama da gaskiya.

Rauni na biyu ya fi zurfi, kuma daga ƙarfin ramzin ya fito. Ramzi yana faɗin shekarar da mawallafi ya gama, ba shekarar da aka juya kwafin da ke hannu ba. Tun da yana cikin baiti, kowane mai juyi zai ɗauke shi yadda yake, ko da ya tsallake baiti biyar, ko ya gyara kalmar Sakkwatanci zuwa Kananci, ko ya ƙara abin da ya ji a bakin malaminsa. Kwafi goma masu bambanci za su iya ɗaukar ramzi guda, kowanne yana rantsuwa cewa shi ne na shekarar.

Wurin da ya kamata ya rufe wannan gurbi shi ne layukan tamat, inda mai juyi ke gode wa Allah, ya faɗi sunansa da na wanda ya juya wa, ya roƙi gafara. Sai dai wannan ganin dama ne. Wani yakan faɗi ranar mako da wata, har da cewa bayan azahar ya gama, amma ya bar shekara, domin a wurinsa kowa ya san shekarar da ake ciki. Wani yakan kwafe tamat ɗin wanda ya gabace shi kalma da kalma, sai sabon kwafi ya fito da tsohon suna. Ga shi kuma warƙar ƙarshe, tare da ta farko, ita ce ta fi fuskantar danshi da gara da yagewa.

Abin da ke biyo bayan ɓatan irin wannan shaida ba ƙarami ba ne. Bayan Barth ya bar Wurno ya isa Gwandu a 1853, an ba shi aron wani babban littafin tarihin Songhai, ya kwafi sassansa cikin gaggawa, ya sanar da Turai cewa na Ahmad Baba ne na Tambutu. Littafin Tarikhus Sudan ne na Abdurrahman as-Sa'adi, wanda labarinsa ya kai har 1655, alhali Ahmad Baba ya rasu tun 1627. Kuskuren ya yi ta yawo a rubuce-rubucen Turawa kafin Octave Houdas ya buga cikakken matanin Larabcin a Faris a 1898.

Wannan kuskure ne na gaggawa. Na Tarikhul Fattash kuwa da gangan aka yi. A Masina, inda Shehu Ahmadu Lobbo ya kafa daular Hamdallahi bayan 1818, an fito da wani zubi na tsohon tarihin Songhai ɗauke da bushara cewa Askiya Muhammadu shi ne halifa na goma sha ɗaya, kuma na goma sha biyu zai bayyana a Masina da siffofin da suka dace da Ahmadu Lobbo. Nehemia Levtzion ya nuna a 1971 cewa waɗannan sassa cushe ne na ƙarni na 19, Mauro Nobili kuma ya kafa hujja a littafinsa na 2020 cewa Nuhu ɗan Ɗahiru, babban malamin fadar Hamdallahi, shi ne ya sake gina littafin a kan wani tarihi na ƙarni na 17. Maganar ta shafi Sakkwato kai tsaye, domin idan halifan zamani yana Masina, ina matsayin magadan Shehu? Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu ta wajen uwa, ya rubuta martani yana ƙin amincewa da da'awar. Bambancin wannan aiki da tahamisi a bayyane yake: mai tahamisi yana sa hannu a kan ƙarinsa, wannan kuwa ya ɓoye ƙarinsa a ƙarƙashin tsohon suna.

Garkuwar malamai ta gaskiya ba a kan takarda take ba, a jikin mutane take. Almajiri yana karanta littafi a gaban malamin da shi ma ya karanta a gaban wani, ana gwada kwafi da kwafi, sannan a ba shi ijaza mai jera sunayen waɗanda littafin ya bi ta hannunsu. Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe ɗan littafi guda, Ida'un Nusukh, a 1812, don lissafa malamansa da abin da ya ɗauka daga kowanne. Tsari ne mai ƙarfi matuƙar sarƙar ba ta tsinke ba, amma yana tafiya ne da saurin ƙafar mutum.

Ko sarakunan kansu ba da lamba ake bambanta su ba. Akwai Aliyu Babba da Aliyu Ƙarami, akwai Abubakar Atiku ƙanen Bello da Abubakar na Rabah ɗan Bello, wanda ya yi sarauta daga 1873 zuwa 1877. Laƙabi da sunan gari sun wadatar ga waɗanda suka san gidan. Lambobi irin na Abubakar na Uku sun yi ƙarfi ne da zuwan rubutun boko da takardun gwamnati, lokacin da aka fara rubuta wa wanda bai san kowa ba.

Jikan wancan Abubakar na Rabah, Sardauna Ahmadu Bello, yana cikin waɗanda suka ƙarfafa buga littattafan kakanninsa. Ɗab'i ya kawo shekara da sunan maɗaba'a a bangon littafi, amma bai kashe tambayar ba, ya dai matsar da ita. Infaƙul Maisuri, wanda Bello ya gama a 1812, ya isa ga masu karatu ta ƙofofi da yawa: ɗan yankin da Clapperton ya samo a Sakkwato a 1824 aka fassara a bayan littafin tafiyarsa, da fassarar E. J. Arnett ta 1922 wadda rabinta taƙaitawa ce, da matanin Larabci na C. E. J. Whitting da aka buga a Landan a 1951, da tahaƙiƙin Bahija ash-Shazili na Rabat a 1996. Wanda ya ce Bello ya faɗi kaza a Infaƙ, daidai ne a tambaye shi wanne. A kasuwar Kurmi kuwa, ɗab'in da ke ɗaukar hoton rubutun hannu ya ɗauki kwafi guda, da daidansa da kuskurensa, ya mayar da shi dubbai, sau da yawa ba tare da shekara ba.

Masu rubuta manhaja sun ci karo da wannan bango tun da wuri. A 1972 Marc Rochkind na Bell Labs ya ƙirƙiro SCCS, tsarin da ke adana kowane gyara da aka yi wa fayil, kuma yana iya cusa lambar zubi a cikin fayil ɗin da kansa duk lokacin da aka fitar da shi. RCS na Walter Tichy ya biyo baya a 1982 da irin wannan dabara. A 2005 Linus Torvalds ya rubuta Git, inda kowane gyara ke samun suna mai haruffa da alƙaluma arba'in da aka lissafo daga abin da ke cikinsa da kuma sunan gyaran da ya gabace shi. Idan aka canja ɗigo guda, sunan zai canja, na duk waɗanda suka biyo baya ma haka. Dabarar kalmar ƙasan warƙa ce aka juya ta baya, kowane gyara yana kiran sunan wanda ya haife shi, sai dai a nan lissafi ne ke gadi maimakon idon mai juyi.

Masu kwaskwarimar wasanni sun fi kowa bukatar wannan, domin kamar mai tahamisi suke, a kan ginin wani suke gini. Doom na 1993 ya raba bayanan wasan da injinsa, abin da ya buɗe ƙofa ga dubban masu ƙari. Counter-Strike ya fara ne a 1999 a matsayin kwaskwarimar Half-Life kafin ya zama wasa mai cin gashin kansa. Amma akwai bambanci guda da ya sa aikinsu ya fi wuya: waƙar Alfazazi ba ta motsi, Minecraft kuwa kamfaninsa yana sabunta shi a kai a kai, kuma kwaskwarimar da aka yi wa zubi ɗaya sau da yawa ba ta tashi a kan na gaba. Saboda haka dole kowace kwaskwarima ta faɗi lambarta da lambar wasan da ta dace da shi.

Kuskuren da aka saba yi shi ne rubuta lambar da hannu a wurare biyu ko uku: a sunan fayil, da cikin takardar bayanin da wasan ke karantawa, da shafin saukewa. Mai aikin ya gyara aibi, ya sake haɗawa, ya manta bai taɓa lambar ba. Yanzu akwai fayil biyu masu bambanci a duniya, kowanne yana cewa shi ne 1.4.2, kuma idan ɗan wasa ya kawo ƙara cewa wasansa na mutuwa, babu mai iya sanin wanne ke hannunsa. Wannan shi ne raunin ramzi na biyu, a sabuwar riga. Maganin da aka daidaita a kai shi ne a ajiye lambar a wuri ɗaya tak, a bar gurbi a sauran wuraren, manhajar haɗawa irin su Gradle ta cike gurbin a daidai lokacin zubi. Wasu ma ba sa rubuta ta ko a wuri ɗaya: suna barin Git ya faɗi alamar zubi ta ƙarshe, da yawan gyare-gyaren da aka yi bayanta, da guntun sunan gyaran ƙarshe. Abin da aka miƙa wa na'ura ke nan shi ne tamat ɗin mai juyi, an mayar da shi tilas, ba ya mantuwa kuma ba ya kwafe na wani.

Akwai abin da bai miƙu ba. Ƙa'idar lambobi uku da Tom Preston-Werner ya tsara, wadda zubinta na biyu ya fito a 2013, ta ce a ɗaga lamba ta ƙarshe idan gyaran aibi ne, ta tsakiya idan ƙari ne da bai ɓata tsohon aiki ba, ta farko idan canjin zai karya abin da wasu suka gina a kai. Sanin wanne ne daga cikin ukun hukunci ne, kuma na'ura tana dogara ne da abin da mai gyaran ya gaya mata. Haka nan sunan da Git ke lissafowa yana tona canji ne kawai ga wanda ke da sunan asali daga majiyar da ya amince da ita. Wanda bai taɓa ganin tsohon tarihin Songhai ba, lissafi ba zai gaya masa cewa an cusa bushara a cikinsa ba.

Rubuce-rubucen Wurno da Sakkwato yanzu sun shiga zubi na uku, bayan hannu da maɗaba'a. Kwafe-kwafen da ke Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna, da jami'o'in Zariya da Ibadan suna da lambobin ajiya, kuma kundin John Hunwick na 1995 ya jera, a ƙarƙashin kowane littafi, inda ake samun kwafinsa da lambar kowanne. Amma abin da ke yawo a WhatsApp da Telegram hotuna ne da aka ɗauka da waya, galibi babu lambar ajiya, babu sunan gidan da littafin yake, wani lokaci babu warƙar ƙarshe. Manazarcin da ya sami kwafi marar shekara yakan ɗaga warƙa ga haske ya duba jinjirin wata da alamar masana'antar da ta yi takardar, daga nan ya ƙiyasta zamanin da aka juya shi. Hoton da aka ɗauka littafi yana shimfiɗe a kan tabarma ba ya nuna wannan tambari.